Bindigar Iska Ba Abin Wasa Ba Ce: Kira Ga Masu Sana'ar Ƙarfe Na Kano

Akwai wata sha'awa da ta fara shiga zukatan waɗansu samarinmu masu aikin ƙarfe, wadda ya kamata a yi magana a kanta tun ba ta zama ɗabi'a ba. Sha'awar kuwa ita ce ta ɗaukar bindigar iska, watau irin wadda ba ta aiki da albarushi, a kwance ta, a sassaƙa mata waɗansu sababbin ƙarafa a gida ko a shago, wai don a ƙara mata ƙarfin harbi. Hotunan bidiyo na mutanen Turai da Amurka masu irin wannan aiki sun cika intanet, kuma duk wanda ke da waya a aljihu yana iya kallonsu, ko a Hotoro yake ko a Dakata. Yaron da ya iya sarrafa injin sassaƙa ƙarfe, in ya kalla sau ɗaya sau biyu, ba wuya zuciyarsa ta raya masa cewa ai wannan ba wani abu ba ne, shi ma zai iya.

Kuma gaskiya ne, zai iya sassaƙawa. Birnin Kano bai taɓa yin ƙarancin masu hikimar hannu ba. Labarin da aka gada ya nuna cewa neman tama ne ya fara kawo maƙera gindin dutsen Dala, kuma tun zamanin kakanni suke ƙera fartanya da garma da lauje da linzami da takobi, har aka yi sarautar Sarkin Maƙera saboda martabar wannan sana'a. Amma iya sassaƙa ƙarfe daban, sanin nauyin da ƙarfen zai iya ɗauka kuma daban. Ra'ayinmu a wannan shafi shi ne, ƙara wa bindigar iska ƙarfi a gida ganganci ne da rai, karya doka ne, sa'an nan kuma ɓarnar basira ce a daidai lokacin da masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai ke neman irin wannan basira ruwa a jallo.

ABIN DA AKE RENAWA

Mutane da yawa suna ɗaukar bindigar iska tamkar 'yar'uwar gwafar danƙo ce da yara ke harbin tsuntsu da ita. Wannan kuskure ne babba. Ita dai bindigar iska iri uku ce a taƙaice. Akwai mai sifirin, wadda in an saki kunama sifirin ɗin ke tunkuɗa iska ta fitar da ƙwayar dalma. Akwai wadda ake yi wa famfo da hannu kafin kowane harbi. Akwai kuma mai tukunya, wadda ake ɗura wa iska a matse, a yi ta harbi har iskar ta ƙare. Dukkansu manufarsu ɗaya ce, watau a fitar da ƙwaya daga bututu da gudun da zai huda abin da ta tarar.

Tarihi ya nuna cewa an yi yaƙi da ita. Wajen shekarar 1780 sojojin daular Ostiriya suka fara riƙe wata bindigar iska da wani maƙeri mai suna Girandoni ya ƙirƙira, wadda ke ɗaukar harsashi wajen 20 a lokaci guda, suka kuwa yi amfani da ita har wajen 1815. Abin lura a nan shi ne dalilin da ya sa aka ajiye ta. Tukunyar iskarta tana da wuyar ƙerawa, ba ta jure wahala, kuma da ta tsage ko ta fara yoyo bindigar ta tashi aiki. To, idan daula guda mai ma'aikatun makamai da ƙwararrun maƙera ta sha wuya da tukunyar iska, yaya mutum ɗaya a zauren gidansa zai ɗauki abin da wasa?

Saboda sanin haka ne ƙasashen da ake ƙera waɗannan bindigogi suka yi musu iyaka. Masana suna auna ƙarfin dukan harsashi da wani ma'auni da ake kira jul. A Jamus, bindigar iskar da baligi zai saya ba tare da lasin ba, tilas ƙarfinta ya tsaya a jul 7.5, kuma akwai hatimi na musamman da ake buga mata. A Ingila iyakar ta kai wajen jul 16, abin da ya wuce nan kuwa sai da takardar izinin 'yan sanda, daidai da bindigar albarushi. Duk wanda ya ƙara wa tasa ƙarfi ta haye iyaka ba tare da izini ba, ya shiga hannun hukuma. Mai karatu ya lura, masu hotunan bidiyon da samarinmu ke kallo ba safai suke tsayawa su faɗi wannan ba.

Duk da wannan iyaka, ba a tsira daga asarar rai ba. A shekarar 2005 a birnin Gilasgo na Sikotilan, wani yaro ɗan shekara 2 ya rasu bayan da aka harbe shi a ka da bindigar iska. Mutuwar wannan yaro ta tayar da hankalin jama'ar ƙasar, aka yi ta matsa wa hukuma lamba, har majalisarsu ta yi doka a 2015 wadda ta wajabta lasin ga duk mai bindigar iska, dokar ta fara aiki sosai a ƙarshen 2016. Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

INDA HAƊARIN YAKE

Ba aikin wannan shafi ba ne ya bayyana yadda ake irin wannan gyara, kuma ba za mu yi ba. Abin da ya zama wajibi a kanmu shi ne mu faɗi abin da ke biyo bayansa. Tayar ƙaramar mota tana ɗaukar iskar da ba ta wuce awo 2 zuwa 3 ba a ma'aunin matsin iska da ake kira bar, amma kowa ya san ɓarnar da take yi in ta fashe a hannun mai faci. Tukunyar bindigar iska ta zamani kuwa tana ɗaukar awo 200, wata ma har 300, watau kusan ninki ɗari na tayar mota. Kuma wannan tukunya a kusa da fuskar mai harbi take, hannunsa na riƙe da ita. Duk wani ƙarfe da aka sauya a jikinta, ko aka rage masa kauri, ko aka yi masa walda, to an taɓa lissafin da injiniyoyin kamfani suka yi bayan gwaji mai yawa.

Wani abin da ba kowa ya sani ba shi ne, ƙarfe yana gajiya. Ƙarfen da ya jure harbi ɗari yana iya kasawa a na ɗari da ɗaya, domin tsaga tana farawa ne daga ciki, siririya wadda ido ba ya gani, ta yi ta ƙaruwa a hankali har ranar da za ta buɗe gaba ɗaya. Kamfanoni suna zaɓen ƙarfen da suka san haɗinsa, su gasa shi a ma'aunin zafi sananne, sa'an nan su gwada shi da matsin da ya fi wanda zai yi aiki da shi. Shi kuwa maƙerinmu yakan je Kasuwar Ƙofar Ruwa ne ya zaɓi guntun ƙarfen da ya yi masa kyau a ido, bai san daga jikin wace mota ko wane inji aka ciro shi ba, bai san shekara nawa ya yi yana shan wahala ba. Irin wannan ƙarfe ya isa a yi ƙyauren gida ko ƙafar tebur. Bai isa a jingina rai da shi ba.

Turawa ma sai da suka sha wuya suka gane haka. Birnin Bamingam na Ingila, wanda ya ƙera ɗimbin bindigogin da aka yi ta kawowa gaɓar Afirka ta Yamma a zamanin da, sai da aka kafa masa gidan gwajin bindiga a 1813, inda ake jarraba kowane bututun bindigar albarushi a buga masa hatimi kafin a sayar. Gidan yana nan yana aiki har yau. Mu kuwa a nan, in mutum ya sassaƙa nasa ƙarfen a gida, gwajin farko a jikinsa za a yi shi.

Bayan tukunya akwai kunama. An ƙera ta ne daidai da ƙarfin da za ta riƙe. In aka ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta, bakinta yakan cinye, sai wata rana bindiga ta tashi da kanta ba wanda ya taɓa ta, ko ana cikin ɗura ta, ko tana jingine a lungun ɗaki. Har ila yau akwai wani ganganci da ya fi duka muni, wanda ya shafi masu walda musamman. Iskar da ke cikin tulun walda ba irin wadda muke shaƙa ba ce, tsantsar iskar da ke rura wuta ce, kuma in ta haɗu da maiƙo a cikin matsi sai ta kama da wuta nan take. Wanda ya kuskura ya ɗura ta a tukunyar bindiga, nakiya ya haɗa wa kansa.

Sai kuma batun wanda ke gaban bindiga. Ilmin kimiyya ya nuna cewa in gudun harsashi ya ninka sau 2, ƙarfin dukansa ninkawa yake yi sau 4. Ƙwayar da a da za ta bugi kwanon rufi ta faɗi, yanzu sai ta huda shi ta wuce. Hotoro ta yau ba Hotoron da ba ce mai gonaki da fili. Gida na jikin gida, ga makarantun allo, ga yara masu talla, ga mata suna aiki a tsakar gida. Wanda ya auna kurciya a kan katanga bai san abin da ke bayan katangar ba. Ido kuwa ba ya jure ko da ƙwayar bindiga mara ƙarfi, ƙoƙon kan jariri kuma bai gama ƙwari ba. Garin neman gira a rasa ido, in ji masu iya magana, a nan kuwa ba karin magana kaɗai ba ne.

Kada kuma a manta da ita dalmar. Wanda ya saba sassaƙa wa bindiga ƙarfe, gobe zai ce bari ya narka dalmar tsohon batir ya zuba ƙwayoyinsa da kansa, a cikin gidan da 'ya'yansa ke rarrafe. Mutanen Arewa ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kan gubar dalma. A shekarar 2010, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, yara fiye da 400 suka rasu saboda ƙurar dalma da ta fito daga duwatsun zinariya da ake daka a cikin gidaje. Yaron da ya tsira da rai ma, gubar takan taɓa masa ƙwaƙwalwa har ƙarshen rayuwarsa.

ABIN DA DOKA TA CE

Waɗansu suna zaton tunda babu albarushi, babu ruwan hukuma. Su ma sun yi kuskure. Dokar Bindigogi ta 1959, wadda ake aiki da ita a Nijeriya, ta kasa bindigogi gida uku. Kashi na farko su ne haramtattu, irin su bindigogin soja da masu sarrafa kansu da ƙananan bindigogin hannu, waɗanda sai da izinin Shugaban Ƙasa. Kashi na biyu su ne waɗanda mutum zai iya mallaka da lasin daga Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Kashi na uku su ne masu ɗuri ta baki, irin su bindigar toka, waɗanda sha'aninsu ke hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. To, bindigar iska, babba da ƙarama, dokar ta ambace ta da suna a cikin kashi na biyu, jere da bindigar farauta mai harsashi. Dokar ta kuma hana ba da lasin ga wanda bai kai shekara 17 ba.

Daɗin daɗawa, a fassarar dokar, kalmar bindiga ta haɗa har da kowane yanki na jikinta. Dokar ta hana ƙera bindiga, ko harhaɗa ta, ko gyara ta, sai a wurin da hukuma ta amince ko ga wanda aka ba takardar izini, kuma hukuncin da ta tanada ga wanda ya saɓa wannan shi ne ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba. Saboda haka mai shagon da saurayi ya kawo wa zane ya ce a sassaƙa masa wani ɗan ƙarfe, ya karɓi 'yan kuɗin da ba su taka kara sun karya ba, ya sani cewa yana iya sayar da 'yancinsa da abincin iyalinsa a kan wannan ɗan ƙarfe. Cewa ban sani ba kuwa, ba ta fid da mutum a gaban alƙali.

Kuma zamanin da muke ciki ba na sassauci ba ne. Wata cibiyar bincike da ke Janeba ta ƙiyasta cewa a 2017 akwai bindigogi fiye da miliyan 6 a hannun farar hula a Nijeriya, adadin da ya ninka na soja da 'yan sanda sau da yawa. Ƙasashen ECOWAS sun sa hannu a kan yarjejeniyar taƙaita ƙananan makamai a Abuja a 2006. Gwamnatin Tarayya ta kafa cibiyar ƙasa ta hana yaɗuwar ƙananan makamai a 2021, aka kuma ƙarfafa ta da doka a 2024. Sau nawa muka ga rundunar 'yan sandan jiha ta baje kolin bindigogi ƙirar gida a hedikwatarta da ke Bompai? Ɗan sandan da ya shiga shago ya tarar da bututu da kunama a kan teburin aiki, ba zai tsaya tambayar ko ta iska ce ko ta albarushi ba. Ɓatagari kuma, da zarar sun ji labarin akwai mai hannu a unguwa, su ne za su fara yi masa sallama, kuma irin wannan ciniki shiga ke da sauƙi, fita ke da wuya.

HANZARIN MASU HANZARI

Adalci ne a saurari masu wani ra'ayi. Manomi zai ce tsuntsaye sun dame shi a gonar shinkafa. Gaskiya ne jan-baki annoba ne ga masu noman rani a Kadawa da Kura da sauran wuraren da ruwan Tiga ke kaiwa. Amma jan-baki a dubbai yake sauka, har hukuma kan nemi jirgin sama don yi masa feshi. Bindigar da ke fitar da ƙwaya ɗaya a harbi ɗaya, ko an ninka ƙarfinta sau goma, ba za ta ceci ko kwano guda na shinkafa ba.

Wani zai ce tsaron kai yake nema, ganin yadda 'yan daba da masu ƙwacen waya suka addabi unguwanni. Tsoron nasa gaskiya ne, kuma haƙƙi ne a kan hukuma ta magance shi. Amma bindigar iska, komai gyaran da aka yi mata, ba ta tare ɗan fashi mai bindigar gaske. Abin da za ta jawo kawai shi ne a ɗauki mai ita a matsayin mai makami a buɗe masa wuta. Ita bindiga ce da ta isa kashe yaron gida bisa tsautsayi, ba ta kuwa isa kare gidan ba.

Maharba kuma za su ce sana'arsu gado ce, haka ma 'yan bindigar Sarki da ke buga bindigar toka ranar hawan salla. Wannan gaskiya ne, kuma babu mai neman a kashe musu al'ada. Hasali ma su ne suka fi kowa bukatar a tsabtace sha'anin bindiga. Ba mu manta da abin da ya faru a garin Uromi na Jihar Edo a ƙarshen watan Maris na 2025 ba, inda aka kashe matafiya 16, maharba da ke kan hanyar dawowa Kano don yin salla, bayan an ga bindigogin farauta a motar da suka hau, har Gwamnan Edo ya zo ta'aziyya ƙaramar hukumar Bunkure. Alhakin wannan ta'asa yana wuyan waɗanda suka aikata ta, babu wani uzuri da za a yi musu. Amma ta nuna mana irin zargi da tsoron da suka cika ƙasa, kuma duk bindigar da aka sauya wa kama a ɓoye ƙara rura wutar wannan zargi take yi a kan mai gaskiya.

Hanzarin da ya fi nauyi shi ne na masu cewa ai da irin wannan taɓe-taɓe ƙasashe suka ci gaba, in an hana yaro gwaji an kashe masa basira. Mun yarda gwaji shi ne uwar fasaha. Abin tambaya shi ne, gwaji a kan me? Wannan ya kawo mu ga ainihin maganar.

HANNUN DA MASANA'ANTU SUKA RENA

Unguwar masana'antu ta Bompai ta kafu tun kafin samun mulkin kai, lokacin da dalar gyaɗa ke tsaye a Kano. Sharaɗa da Challawa suka biyo baya a shekarun 1970 da 1980, sa'ad da kuɗin man fetur ya shigo, aka kuma yi dokokin mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa a 1972 da 1977. Aka cika wuraren da masaƙu, da majemu, da kamfanonin robobi, da na alewa, da na man gyaɗa, da na kwanuka. Kowace babbar masana'anta tana da ɗakin gyaranta, inda ake da masu sassaƙa ƙarfe da masu walda da masu haɗa inji. Waɗannan mutane sun koyi auna ƙarfe har abin da bai kai kaurin gashi ba, sun koyi karanta zane, sun san bambancin ƙarfe da ƙarfe.

Daga 1986, lokacin da aka shigo da shirin tsuke bakin aljihu, darajar naira ta faɗi, kayan gyara na waje suka yi tsada. Ƙarancin wutar lantarki da kwararowar yadi mai araha daga ƙetare suka ƙarasa abin da ya rage, masaƙu da yawa suka rufe ƙofa. Ma'aikatan ba su ɓace ba. Waɗansu sun sayi tsofaffin injuna suka buɗe shaguna a Dakata da Hotoro da bakin hanyar Maiduguri da sauran unguwanni, suka ɗauki yara suna koya musu. Su ne yau ke raya injin niƙa da injin markaɗe da injin ban ruwa, su ne ke ceto adaidaita sahu da tarakta in wani ƙarfe ya karye ba a samu irinsa a kasuwa ba. Babu wanda ya san adadin kuɗin waje da waɗannan bayin Allah suke tsimi wa ƙasa, domin babu wanda ya damu ya ƙirga.

To, yaron da ya taso a irin wannan shago, mai kaifin ƙwaƙwalwa, wanda aikin yau da kullum ya daina ba shi sha'awa, shi ne wanda bindigar iska ke ja. Ba mugunta ce ke jansa ba, neman abin da zai gwada gwanintarsa ne. Laifinmu ne mu manya in ba mu ajiye masa wani abin gwaji da ya fi wannan ba. Ilmin bawul da matsin iska da yake nema a jikin bindiga, shi ne dai ake bukata a famfon feshin gona, da injin fenti, da birkin babbar mota, da famfon rijiyar burtsatse. A can ilmin zai kai shi kurkuku ko asibiti, a nan kuwa zai ba shi shago da mata da 'ya'ya.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Da farko muna kira ga rundunar 'yan sanda da cibiyar hana yaɗuwar makamai su fassara wa jama'a wannan doka da Hausa, a gidajen rediyo da talabijin, ciki har da gidan talabijin na jiha da ke nan Hotoro. Yawancin masu shaguna ba su taɓa jin cewa bindigar iska tana cikin doka ba. A faɗakar kafin a kama, domin rigakafi ya fi magani.

Na biyu, a yi wa maƙeran da ke yi wa maharba da fada bindigar toka rajista, a ba su izini, a riƙa buga lamba a jikin abin da suka ƙera, kamar yadda yarjejeniyar ECOWAS ta nema. Sarkin Maƙera da shugabannin maharba su ne ƙofar shiga wannan aiki. In an san na halal, gane na haram ba zai yi wuya ba.

Na uku, Gwamnatin Jiha, ta hannun Ma'aikatar Ciniki da Masana'antu, ta kafa ɗakin aiki na haɗin gwiwa a Sharaɗa ko Dakata, mai wutar lantarki tsayayya, da murhun gasa ƙarfe, da na'urar gwada ƙarfinsa, inda ƙaramin mai sana'a zai biya kuɗi kaɗan ya yi aiki. Kayan aikin ba su yi mana nisa ba. Akwai Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu da aka kafa tun 1971, akwai Kwalejin Fasaha ta Jihar Kano, akwai Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Wudil, akwai kuma cibiyar hukumar NASENI da ke Kumbotso mai aiki a kan injunan ruwa. Abin da ya rage shi ne a haɗa su da mutumin da ke tsaye a gaban inji a bakin titi.

Na huɗu, masu masana'antu su fitar da jerin ƙananan kayan gyaran da suke sayowa daga waje, a shirya gasa kowace shekara, wanda ya ƙera mai inganci a ba shi kwangila. Aikin shimfiɗa bututun iskar gas daga Ajakuta zuwa Kaduna da Kano, wanda aka ƙaddamar a 2020, an yi shi ne da nufin farfaɗo da masana'antu, kuma masana'anta ba ta tafiya sai da masu gyara. Wanda kuma zuciyarsa ta nace sai ƙera makami, ga Ma'aikatar Ƙera Makamai ta Ƙasa a Kaduna, wadda aka kafa tun 1964. Ya nemi ilmi ya shiga ta ƙofa. Mai sha'awar harbi don wasa shi ma yana da hanya, domin harbi da bindigar iska daga nisan mita 10 yana cikin wasannin Olamfik tun 1984, kuma bindigogin da ake gasar da su marasa ƙarfi ne, saiti ake nema a wurin. Hukumar wasanni ta jiha tana iya neman izini ta buɗe fili mai tsaro, da malami, da rajista.

Daga ƙarshe, nauyi mafi girma yana kan iyayen gida masu shaguna, da iyaye, da masu unguwanni. Maigida ya san abin da yaransa ke sassaƙawa bayan ya tafi masallaci ko ya tashi aiki. Duk wanda ya kawo zanen ƙarfen da ba a gane kansa ba, a tambaye shi na jikin wane inji ne, in ya kasa faɗa a sallame shi. Uba kuma kada ya saya wa ɗansa bindigar iska da sunan kayan wasan salla. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Kano ta yi suna da fatauci da sana'a tun ƙarnuka masu yawa, kuma hannun 'ya'yanta ne zai sāke tayar da injunan da suka yi shiru a Bompai da Sharaɗa da Challawa. Bai kamata mu zuba ido wannan hannu ya guntule a kan neman ƙara wa bindigar harbin kurciya ƙarfi ba. Allah ya kiyaye mana 'ya'yanmu, ya sa albarka a sana'o'inmu, amin.